Tausayin Da Ke Kwantar Da Mai Jinya

Yau zancenmu kan wanda Allah Ya jarraba da sankarar ƙashi ne, aka yi masa aiki, aka sallamo shi gida.

Wannan ciwo ya fi kama matasa 'yan shekara 10 zuwa 20, kuma ya fi fitowa kusa da gwiwa. Sau da yawa sai a ɗauka targaɗe ne, a yi ta zarya wurin masu ɗori. Kafin a kai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙashi na Wamakko, abu ya yi nisa, wani sai an yanke ƙafar.

To, daga nan aiki ya dawo hannunki, uwa. Kuma nan ne tausayi ke yi mana ɓarna. Yaro ya ce zai tashi, ki ce, "Kwanta abinka, me kake so in kawo maka?" 'Yar'uwa, naman jikin da ba ya motsi zubewa yake yi, gaɓar da ba a miƙewa kuma ƙagewa take yi. In gwiwa ko ƙugu suka ƙage a lanƙwashe, ko an samu ƙafar roba da wuya ta zauna daidai.

Saboda haka ki riƙe waɗannan. Kada ki saba sa masa matashi ƙarƙashin dungun, ko da ya ce ya fi jin daɗi haka. In likita ya yarda, ya riƙa kwanciya rub da ciki kamar minti 20, sau biyu ko uku a rana, don ƙugu ya miƙe. Hannuwa da ƙafar mai lafiya su ma suna son motsi, don su za su ɗauki nauyinsa a kan sanduna. Tafiya kuwa a fara kaɗan: yau daga ɗaki zuwa tsakar gida, gobe zuwa zaure. Kun san zafin Sakkwato, sai a zaɓi bayan asuba ko bayan la'asar, da ruwan sha kusa.

Wata za ta ce, "Ai maganin dajin nan ya gajiyar da shi." Gaskiya ne, amma motsa jiki daidai ƙarfi yana rage wannan gajiyar, yana kuma rage damuwa. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar aƙalla minti 150 a mako, har da waɗanda suka yi jinyar daji. Ba rana ɗaya ake kai wa nan ba, sannu a hankali ne.

Sai dai fa ma'aikatan sashen gashi na asibiti su za su tsara masa abin da zai yi. In ya ji zazzaɓi, jiri, haki, ko sabon ciwo a ƙashi, a dakata a koma asibiti. Kada kuma a tsallake ranar ganin likita, don ciwon kan iya ɓulla a huhu.

Ki bar shi ya koma makaranta, ya zauna cikin abokansa. Ki riƙe masa hannu ya tashi, wannan ma tausayi ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.