Ciwon Baya Bayan Haihuwa Ta Hanyar Aiki

  

Wata 'yar'uwarmu ce ta aiko mana da saƙo daga Dayi, a ƙaramar hukumar Malumfashi. Ta ce wata 4 ke nan da aka yi mata aiki aka ciro mata ɗa, ɗinki ya warke, amma kwankwaso ya hana ta sakat. In ta duƙa wanki, miƙewa sai da dafa bango. Uwar mijinta ta ce allurar da aka yi mata a gadon baya ce ta jawo, sai dai haƙuri. To 'yar'uwa, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, matso kusa da rediyo.

Mu fara da allurar nan da ake ɗora wa laifi. Gaskiya ne wurin da aka soka yakan yi tsami na 'yan kwanaki, amma binciken likitoci bai nuna ita ke kawo ciwon bayan da ke daɗewa ba. Ki tuna wata 9 kika yi kina ɗauke da ciki. Naman cikinki ya miƙe ya saki, gaɓoɓin ƙugu sun yi laushi, sannan ga yankan aiki. Shi ko naman ciki shi ne ɗamarar da ke tallafe baya. In ɗamara ta saki, ai baya ne zai ɗauki nauyin shi kaɗai. Ana cikin haka sai ga goyo, ga shayarwa a sunkuye, ga shara da guntuwar tsintsiya, ga jan guga. In kaka ta yi kuma masara ta cika tsakar gida, sai surfe da daka.

Wannan ciwo yana da magani. A manyan asibitoci akwai sashen gashi, inda ma'aikata suka yi karatun wannan aiki a jami'a. Ma'aikaciyar za ta tambaye ki, ta duba tafiyarki da duƙawarki, ta laluba inda ya ɗaure. Sai ta sa hannu ta tausa naman bayan, ta motsa gaɓoɓin a hankali. In tabon aiki ya warke sarai, za ta koya miki murza shi da yatsa don kada ya kama naman da ke ƙasansa. Tausa tana rage ciwo, amma abin da ke hana shi dawowa shi ne motsa jikin da za ta ba ki ki riƙa yi a ɗaki.

Ga guda ɗaya mai sauƙi, in likita ya yarje miki. Ki kwanta rigingine, ki tanƙwashe gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Ki fitar da numfashi kina janye mara ciki, bayanki ya manne da shimfiɗa. Ki ƙirga 5, ki saki. Ki yi sau 10, safe da yamma. In kin ji zafi, ki tsaya.

In za ki tashi daga gado, ki juya gefe, ki sauke ƙafafu, ki tura jiki da hannu. Wajen ba da nono, ki jingina bayanki, ki ɗora jariri a kan matashi, ki kawo shi wurin nono maimakon ki sunkuya masa. Har a yi arba'in, kusan mako 6 ke nan, kada ki ɗauki abin da ya fi jaririnki nauyi. Turmi da guga kuwa su jira ki kamar wata 3. Kuma don Allah kada a taka miki baya, kada a yi miki tsaga, kada a danna miki ciki da ruwa mai ƙuna wajen wankan jego.

Amma in kika ji zazzaɓi, ko ɗinki yana ruwa, ko ƙafa tana mutuwa, ko fitsari da bayan gida sun ƙi riƙuwa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, wannan ya wuce tausa. A tafi asibiti a ranar.

Ki fara da inda aka yi miki aikin, ko Babban Asibitin Malumfashi ko na Funtuwa, ki nemi a tura ki sashen gashi. Akwai shi a Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ta hanyar Gwarzo. Kada ki ji nauyin roƙon a haɗa ki da mace.

Maigida, na san kana ji. A ba ta izini, a raka ta, a sa hannu a aljihu. Iyayenmu surukai da abokan zama, a karɓar mata taɓarya na ɗan lokaci, Allah Ya ba da lada.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.