JAWABIN MAGATAKARDA GA 'YAN KASUWA A KAN TAKARDAR ALKAWARIN AIKI

Mun gode da kuka rufe rumfunanku da wuri kuka zo. Maganar da ta tara mu yau ta taso ne daga wani dattijo mai sayar da yadi, wanda ya zo ofis da wasiƙa a aljihu yana neman a karanta masa. 'Yarsa nas ce. Wani dillalin aiki ya kai ta Ingila, ya sa ta sa hannu cewa za ta yi shekara uku a gidan jinyar da aka kai ta, in kuwa ta bari kafin lokacin, ta biya kuɗi. Uban shi ne ya dangwala yatsa ya tsaya mata. Da ta cika shekara biyu sai ta sami wani asibiti mai albashi mafi tsoka, ta koma can. Yanzu ga wasiƙa ta iske tsoho, wai ya biya kuɗin duka ko a kai shi kotu. Abin da ya tambaye mu shi ne, shin takarda tana iya ƙetare teku?

To, tana iyawa. Amma ƙarfinta bai kai yadda masu ita suke kururutawa ba, kuma ga dalili.

Da fari dai, babu alƙalin da zai kama yarinyar nan ya mai da ita wurin aikin da ta bari. Dokar ƙwadago ta Ingila ta 1992 ta hana kotu tilasta wa mutum yin aiki. Mu ma nan, sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya haramta aikin tilas, kuma tun 1960 Nijeriya ta shiga yarjejeniyar duniya ta 1930 wadda ta hana shi. Sabo da haka maganar nan ta kuɗi ce kawai, watau bashi, kuma ba ruwan ɗan sanda da ita.

Amma fa kada wani ya tashi daga nan ya ce Magatakarda ya ce a ci bashi a kwanta. Kowa ya ci ladan kuturu, shi zai yi masa aski. In da gaske an kashe wa mutum kuɗin jirgi da na jarrabawa da na horo, ya kuma yarda a rubuce zai mayar in ya tafi, lalle kotu tana iya cewa ya mayar. A 2015 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta yanke shari'a tsakanin wani kamfanin jirgin sama da matuƙinsa, ta ce irin wannan takarda tana aiki muddin sharuɗanta ba su wuce kima ba. A Ingila kuwa mai bin bashin yarjejeniya yana da shekara shida da zai iya kai ƙara. Wanda ya yi shiru yana tsammani an manta da shi, yana ruɗin kansa ne.

Inda gardama take shi ne yawan kuɗin. Shari'ar Ingila, wadda tamu ta gada, ta daɗe tana rarrabe diyya da tara. Diyya ita ce mayar wa mutum hasarar da ya yi. Tara kuwa kuɗi ne da aka ƙaƙaba don a tsorata mutum kada ya motsa, kuma kotu ba ta karɓar wa kowa irinta. An kafa wannan ƙa'ida a shari'ar kamfanin taya na Dunlop a 1914, sa'an nan Kotun Ƙoli ta Ingila ta sake duba ta a 2015, ta ce abin lura shi ne ko kuɗin ya zarce haƙƙin mai nema nesa ba kusa ba. Ban da wannan, ƙa'idar gwamnatin Ingila ta ɗauko ma'aikatan lafiya daga ƙetare, yadda aka gyara ta a 2023, ta ce a bayyana kuɗin a rubuce tun kafin mutum ya karɓi aiki, ya zama abin da aka kashe da gaske, kuma ya riƙa raguwa yayin da ma'aikaci yake daɗewa.

Ku 'yan kasuwa ne, bari mu yi lissafi. Mu ɗauka an kashe wa yarinya fam 3,000, alkawari shekara uku. Ta yi biyu, saura ɗaya. In an raba daidai, abin da ya rage a kanta fam 1,000 ne. Wanda ya zo yana neman fam 10,000, sai a ce masa ya kawo rasit. Ashe akwai ɗan kasuwar da zai biya kuɗin buhu goma alhali buhu ɗaya aka sauke masa?

Sai maganar ƙetare teku. Tun 1922 akwai dokar da ta ba da dama a kawo hukuncin babbar kotun Ingila a yi masa rajista a nan, a bi shi kamar namu. Amma hanyar tana da tsawo da tsada, shi ya sa masu wayo ba su cika binta ba. Sun fi son mai lamuni. Ga shi kusa, ga rumfarsa, ga gidansa, kuma kotun garinsa ta isa. Nan ne abin ya shafe ku kai tsaye, domin ku ne iyaye da kawunai masu dangwale. Sai dai akwai dokar kare wanda bai iya karatu ba. Ta ce wanda ya rubuta wa irin wannan mutum takarda ya sa sunansa da adireshinsa, shaidar cewa an karanta masa ita an fassara kafin ya dangwala. Mun tambayi dattijon nan ko an yi masa haka, ya ce ko kusa. Mun tura shi wurin lauya da wannan magana.

Masu 'ya'ya a Saudiyya kuma su lura, domin can tsarin dabam ne. A 2021 aka yi gyara, aka yarda ma'aikacin kamfani ya sake wurin aiki bayan shekara ɗaya ba sai da yardar kafili ba, amma gyaran bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida ba. Dokar ƙwadagonsu kuma ta ɗora kuɗin ɗauko ma'aikaci da na takardar zama a kan mai ba da aiki.

Don haka ga gargaɗinmu. Kada ku dangwala yatsa a takardar da ba a fassara muku ba, kuma ku karɓi kwafinta ku adana. Ku tambaya nawa ne kuɗin, na mene ne, yaya kuma zai ragu. Kada ku ba da takardar gida ko ta rumfa jingina a kan aikin wani. Ku gaya wa 'ya'yanku su shiga ƙungiyar ma'aikata ta inda suke, kuma in za su sake aiki su ba da sanarwa a rubuce, su nemi lissafi dalla-dalla kafin su tafi. In wasiƙa ta zo, kada ku yaga ta, kada kuma tsoro ya sa ku sayar da jari ku biya. Ku kawo ta ofis mu karanta tare, abin da ya fi ƙarfinmu mu nuna muku lauya.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a inda suke, ya raba mu da bashin da ba mu ci ba. Wassalam.