TURANCIN BAKI: JARIN DA YARAN CIKIN BIRNI KE BUƘATA

Jawabin Kwamitin Ilimi a taron shekara-shekara na ƙungiya



Muna godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba kwamitinmu dama ya yi tsokaci a kan wata matsala da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya. Kowace shekara yaran unguwanninmu na cikin ganuwa suna fitowa da kiredit a Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO, wasu har su kammala Jami'ar Bayero da sakamako mai kyau. Amma da zarar an zaunar da yaro gaban masu ɗaukar aiki, ko wani baƙo ya kira shi a waya, sai baki ya mutu. Ilimin yana nan a kansa, hanyar fito da shi ce babu. Ta haka guraben aiki da na ƙaro ilimi suke kuɓuce wa 'ya'yanmu, su faɗa hannun waɗanda ba su fi su sani ba.

Dalilin bai ɓuya ba. A makaranta nahawu da rubutun insha'i ake koyarwa, domin su ake tambaya a jarrabawa. Hatta takardar da WAEC ke kira gwajin furuci, da fensir ake amsa ta, ɗalibi ba ya buɗe baki. Ga kuma tsoron dariyar abokai, wanda ke sa yaro ya gwammace ya yi shiru da ya yi kuskure.

Abin da magabata suka bar mana

Koyon harshen baƙo ba sabon abu ba ne a birnin nan. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Kasuwar Kurmi take tara Larabawa da Buzaye da Barebari da Nufawa, kuma dillalan Kano suna ciniki da kowa. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba su shiga aji ba, a bakin hanya da zaurukan masauki suka tsinci harsunan mutanen da suke hulɗa da su.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909 da Hausar boko ta fara koyarwa. Kwalejin Katsina, wadda aka yi bikin buɗewa a 1922, ita ce ta yi fice wajen horar da ɗalibai a kan lafazi da magana. Bayan ta koma Kaduna, 'ya'yan birnin nan biyu da suka taso ta makarantar Shahuci da Midil ta Kano sun yi karatu a cikinta: Malam Aminu Kano da Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano. Daga baya Ɗanmasani ya zama wakilin Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, inda fasahar bakinsa ta burge duniya, alhali in ya juya Hausa babu mai kama ƙafarsa. Wannan ya isa hujja cewa iya Turanci ba ya rage wa Bakano komai daga Hausarsa.

Gaisuwa da neman alfarma

Bahaushe ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, saboda haka da gaisuwa za mu fara. "Good morning" ta safe ce har zuwa tsakar rana, "good afternoon" daga nan zuwa yamma, sannan "good evening". Ita kuwa "good night" daidai take da "sai da safe", ba a shiga wuri da ita. Idan an ce "How are you?" amsar gajeriya ce kamar "lafiya lau" ɗinmu: "Fine, thank you. And you?" Mu mun saba tambayar gajiya da iyali da sanyi, amma Bature a jumla biyu yake gama gaisuwa ya shiga abin da ya kawo shi, kuma ba wulaƙanci yake nufi ba.

Inda yaranmu suka fi tuntuɓe shi ne wajen neman abu. A Hausa ladabi yana cikin sassauta murya da russunawa da kiran mutum Baba ko Malam ko Hajiya. Idan yaro ya ɗauki "ba ni" ya mayar da ita "give me", duk wannan ladabin ya zube a hanya, abin da ya rage umarni ne tsagwaronsa. Abin da ya dace shi ne "Could I have it, please?" ko "Could you help me, please?" Kalmar "please" ita ce "don Allah" ɗinsu, "excuse me" kuwa ita ce "gafara dai" da ake yi kafin a katse mutum ko a ratsa shi. Idan an yi maka godiya ka ce "You're welcome", ma'anarta a nan "ba komai".

Tarkon fassara kalma da kalma

Yawancin kurakuranmu Hausa ce sanye da rigar Turanci. Mukan ce "ina zuwa" alhali fita za mu yi, sai yaro ya ce "I'm coming" ya juya baya ya tafi, baƙo ya bi shi da kallo. Daidai shi ne "I'll be right back". Mukan sha ruwa, mu sha magani, amma a Turanci "take medicine" ake cewa. Mukan ji magana, mu ji yunwa, mu ji harshe, amma wanda bai gane ba "I don't understand" zai ce, domin "I don't hear" na nufin kunne ne bai ɗauka ba. Haka nan bambancin "ara mini" da "na ari" yana nan a Turanci: "lend me" da "I borrowed". Sannun da muke yi wa mai aiki, wadda 'yan Nijeriya suka mayar "well done", a wajen ƙasar nan yabo ne ga wanda ya gama aiki da kyau.

Akwai guda ɗaya da muke roƙon kowa ya riƙe, domin tana iya taɓa rai. Idan aka tambayi Bahaushe, "Ba ka sha maganin ba?" yakan ce "E", yana nufin bai sha ba. A Turanci wanda bai sha ba "No" zai ce. To, a ce likitan da ba ya jin Hausa ya yi wa majinyaci irin wannan tambaya, ya amsa da "Yes" bisa al'adar harshensa, likita zai rubuta cewa an sha magani bai yi aiki ba, ya canza wani ko ya ƙara ƙarfinsa. Maganin wannan shi ne a cika jumla: "No, I haven't taken it."

Kasuwa da waya

'Yan kasuwarmu na Kurmi da Kantin Kwari da ke zuwa Dubai da Sin sun san cewa Turanci ne gadar da ke haɗa su da masu kaya. A nan kuskuren lafazi hasarar kuɗi ne. "Fifteen" da "fifty" sun yi kama a kunne, musamman a waya, alhali ɗaya 15 ce, ɗaya 50. Mai hankali yakan maimaita lambobin ɗai-ɗai, ko ya nemi a rubuto masa. Sannan Hausa ba ta raba sautin "p" da "f" ba, shi ya sa "pull" da "full", ko "pan" da "fan", suke rikice mana, kuma da maimaici kaɗai harshe ke sabawa.

Jumlolin da suka fi kowanne amfani su ne na wanda bai gane ba: "Could you say that again, please?" da "Could you speak more slowly?" Mutane da yawa sun gyaɗa kai a kan abin da ba su fahimta ba, sun sa hannu a takarda, daga baya suka ciji yatsa. Matambayi ba ya ɓata.

Shawarwarin kwamiti

Na farko, kowace unguwa ta ware zaure ɗaya da za a riƙa zaman hira da Turanci na awa guda ranar Asabar da hantsi. Kada a mayar da shi aji na biyu. A riƙa kwaikwayon ciniki, da ganin likita, da amsa waya, da zama gaban masu ɗaukar aiki, kowa ya yi magana, kuma a kafa doka cewa ba a yi wa mai kuskure dariya.

Na biyu, muna roƙon malamanmu da suka yi ritaya da ɗalibanmu na manyan makarantu su ba da lokacinsu. A kuma jawo masu yi wa ƙasa hidima da aka turo makarantunmu daga Kudu: su koyi Hausa a wajenmu, yaranmu su saba da kunnen Turanci a wajensu.

Na uku, a tanadi zama na daban domin 'yan mata da matan aure, a ƙarƙashin malamai mata, domin uwa ce ke kai yaro asibiti, ita ce kuma ke fara duba littafinsa.

Na huɗu, wayar da ke hannun kowane matashi ta zama makaranta. Ya saurari labarai da Hausa, ya sake sauraren irinsu da Turanci, ya riƙe jumla biyar kacal a mako, ya yi amfani da su. A shekara ya tara jumla 260, kuma sannu ba ta hana zuwa.

A gida kuwa mu riƙe Hausarmu da kyau, domin yaron da ya iya gaida na gaba da harshen uwarsa shi ne zai iya ladabi da kowane harshe.

Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: tabarmi, da allo, da alli, da ɗan abin sayen ruwa ga masu koyarwa. Muna fata kafin a tashi daga wannan taro masu hali za su yi alkawari, masu unguwanni kuma su nuna mana zaurukan da za a fara da su, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, Ya ba mu zaman lafiya a Kano da Nijeriya baki ɗaya.