Hukuncin Mai Waswasi a Alwala da Salla

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ya ku ƴan'uwa masu saurare, an aiko mana da tambaya game da wani matashi da ke ƙarar da buta uku a alwala ɗaya, har liman ya sallame bai shiga sahu ba. Iyayensa suna zaton tsoron Allah ne. A'a, ciwo ne, sunansa waswasi.

Malamanmu na Malikiyya sun san shi. Wanda shakka ke zo masa kullum, ko da sau ɗaya a yini, suna kiransa mustankahi. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya kawo hukuncinsa a Risala: ya kau da kai daga shakkar rafkanuwa, ba zai gyara komai ba, sai sujadar ba'adi. Alwalarsa ma shakka ba ta warware ta.

Maimaitawa ce abincin waswasi. Hankali yakan kwanta na ɗan lokaci, gobe shakkar ta dawo da ƙarfi. Likitocin ƙwaƙwalwa ma ta nan suke bi: a wanke gaɓa, a ajiye buta, a jure ƙuncin zuciya har ya sauka da kansa, a yi ta haka makwanni. Kwanakin farko akwai wuya, ba mu ɓoye muku ba.

Ku iyaye, ku daina amsa masa "ta yi, ta yi" sau goma. Idan abin ya hana shi barci ko sana'a, ku kai shi ga likita. Neman magani halal ne.

Allah Ya ba shi lafiya.