Masanin da Ya Bi Sawun Rama



Yau za mu ba ku labarin wani masani na ƙasar Amurka, sunansa Alfred Goldberg. An haife shi cikin shekarar 1942. Aikinsa duka, fiye da shekara hamsin, a wuri guda ya yi shi, watau makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar Harvard, a birnin Boston. Tambaya guda ya riƙe tun yana saurayi har ya tsufa. Tambayar kuwa ku ma kun san ta.

Kun taɓa ganin wanda ya karye a hannu, mai ɗori ya ɗaure shi? Ran da aka kwance ɗorin, sai a ga hannun ya motse, ya fi ɗan'uwansa siranta. Mutumin nan kuwa yana cin tuwonsa, bai kwana da yunwa ba. To, ina naman ya tafi? Haka kuma mai doguwar jiyya, ya kwanta da jikinsa, ya tashi daga fata sai ƙashi. Kowa ya gan shi sai ya ce, “Wane ya rame.” Goldberg ya ce shi yana so ya san ta wace hanya a ke ramewa.

Kafin mu ci gaba sai mu koyi kalmomi uku, don za mu yi ta gamuwa da su.

Jikin mutum an gina shi da waɗansu 'yan ƙananan ɗakuna, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Ana ce da su ƙwayoyin halitta. Cikin kowace ƙwaya akwai wani abu da a ke kira furotin, iri dubbai, kowane da aikinsa. Tsoka, in an cire ruwanta, yawancinta furotin ce. Furotin kamar dogon zaren duwatsun wuya ya ke, duwatsun iri 20 ne, an shirya su bi da bi. Kalma ta uku ita ce furotiyas, watau abin da ke yanka wannan zare. Mu ce da shi almakashi, ya fi sauƙi. Kun san in nama ya yi tauri akan naɗe shi cikin ganyen gwanda ya yi laushi. Almakashin nan ne cikin farin ruwan gwanda ya ke tsinka zaren naman. Cikin tumbinmu ma akwai irinsa, shi ke narka naman da mu ke ci.

To, Goldberg ya shiga makaranta ne don ya zama likita, amma bincike ya janye shi, ya bar karatun likitan bai gama ba. A zamanin nan hankalin masana duk yana kan yadda jiki ke gina furotin. Yadda ya ke rushe shi kuwa, kaɗan ne suka kula. Aikin shara ne, wa zai tsaya kansa? Ana zaton in tsoka ta rame, gini ne kawai ya tsaya.

Sai ya gwada da ɓeraye. Ya yanke jijiyar da ke motsa tsokar ƙafa, tsokar ta fara ramewa, ya yi ta awo. Cikin 1969 ya nuna cewa ba tsayawar gini kaɗai ba ce. Rushewa ce ta ƙara sauri. Ashe jiki da kansa ya ke yanka namansa.

Kada wannan ya ba ku tsoro. Lafiyayyen mutum ma haka ya ke. Kowace rana babban mutum yakan rushe furotin na jikinsa wajen giram 250 zuwa 300, watau fiye da rabin laba, ya kuma gina sabo kamar haka. Duwatsun ba a zubar da su, sai a sake shirya yawancinsu a sabon zare. Kamar magini ne da ya rushe tsohon bango, ya kwaɓa ƙasar, ya yi sabon tubali da ita. In gini da rushewa sun yi daidai, mutum yana nan yadda ya ke. In rushewa ta fi, sai rama.

Cikin 1972 ya ga wani abu kuma. Furotin da aka gina shi ba daidai ba, ƙwayar halitta ba ta barinsa ya daɗe, nan da nan ta ke yanka shi, ta bar mai kyau. Ke nan almakashin ba yankan kan mai tsautsayi ya ke yi ba, zaɓe ya ke yi.

Cikin 1977 shi da wani abokin aikinsa, Joseph Etlinger, suka ɗebi jinin zomo, suka ware jajayen ƙwayoyin da ba su nuna ba tukuna, suka fasa su. Suka tarar ruwan cikinsu yana yanka lalataccen furotin, amma sai an ba shi makamashi, irin wanda jiki ke samu daga abinci. Wannan ya ba masana mamaki. Almakashin gwanda ba ya neman kome, da ya taɓa nama sai yanka. Wane irin almakashi ne wannan da sai an biya shi?

Rabin amsar daga wani wuri ta fito. Waɗansu masana biyu na birnin Haifa a Isra'ila, Avram Hershko da Aaron Ciechanover, tare da Irwin Rose na Amurka, suka gane cewa furotin da za a rushe sai an manna masa alama tukuna, kamar yadda akan sa wa ragon da za a yanka shaida don kada a kama wani. Manna alamar nan yana cin makamashi. Su ukun nan suka sami kyautar Nobel cikin 2004. Goldberg bai samu ba. A ganinmu da an haɗa da shi da ba a yi laifi ba, amma ƙa'idar kyautar ba ta wuce mutum uku.

Sauran rabin shi ne wurin yankan. Goldberg da yaransa, da waɗansu masana a wurare dabam dabam, suka yi shekaru suna nemansa. Cikin 1987 aka ware shi. Cikin 1988 Goldberg da abokansa suka raɗa masa suna furotiyasom. Siffarsa kamar ganga ce wadda ba a rufa mata fata ba, zobe huɗu a jere, kowane zobe da gaɓa bakwai. Almakasan suna can ciki a ɓoye, don kada su yanki abin da ba a ce su yanka ba. A bakin gangar akwai mai gadi. In furotin ya zo da alama, mai gadi ya kama shi, ya warware zaren, ya tura shi ciki, ya fito gutsi gutsi. Mu ce injin niƙa ne. Kowace ƙwayar halitta tana da su da yawa.

Yanzu sai ku ji inda labarin ya juya. Goldberg ya yi tunani, in injin nan ne ke cin tsokar majiyyaci, to, a nemi abin da zai rage masa gudu mana. Cikin 1993 shi da abokansa suka kafa wani ɗan kamfani don neman maganin rama. Mutane da yawa suka ce wannan ganganci ne, wanda aka toshe wa injin nan ai mutuwa zai yi. Wani gwanin haɗa magunguna, Julian Adams, ya shugabanci aikin, suka haɗa wani abu da ke shiga gangar ya maƙale a bakin almakashi. Ana kiransa bortezomib. Da aka gwada shi sai aka ga ciwon daji ya fi kamawa. Kuɗin kamfanin ya ƙare, har aka sayar da shi cikin 1999, amma gwajin bai tsaya ba.

Mene ne ciwon daji? Waɗansu na ce da shi sankara. Ƙwayar halitta ce ta ƙi bin doka, ta yi ta haihuwa ba tsayawa, har 'ya'yanta su danne na kirki. Iri iri ne. Wanda maganin nan ya fi yi wa aiki shi ne na cikin ɓargo, likitoci na kiransa mayaloma. Ƙwayoyin da ke kawo shi, asalin aikinsu shi ne ƙera wani furotin da ke tsare mu daga cuta. In sun lalace sai su yi ta ƙera shi dare da rana ba ƙa'ida, da yawansa kuwa gurɓatacce. Saboda haka shararsu ta fi ta kowa.

Ku duba wannan misali. In mai shara ya yi kwana biyu bai zo ba, ɗan ƙaramin gida ba zai damu ƙwarai ba. Amma rumfar mahauta fa? Kafin kwana biyu ba mai iya zama. Haka maganin nan ke yi. Ba ya toshe injin duka, ba ya kuma toshe shi har abada. Bayan kamar kwana uku injin ya koma aikinsa. Lafiyayyun ƙwayoyi su jure, na cutar kuwa shararsu ta shaƙe su, su mutu. Don haka ne a ke yin allurar a bar 'yan kwanaki kafin a sake.

Cikin watan Mayu na 2003 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a yi aiki da shi, aka sa masa sunan kasuwa Velcade. Cikin 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Amma mu gaya muku gaskiya, ba ya raba mutum da cutar ɗungum. Yakan danne ta, tare da waɗansu magunguna, mutum ya sami ƙarin shekaru da sauƙin ciwo. Yana da nasa wahala kuma. Waɗansu hannuwansu da ƙafafunsu kan yi zugi, ko su mutu kamar an zauna a kansu. Likita kaɗai ke ba da shi, a asibiti.

Cutar ta fi kama waɗanda suka manyanta. A Amurka an ƙidaya, an ga ta fi kama baƙar fata kamar ninki biyu bisa ga farar fata. Alamunta su ne ciwon ƙashi da ba ya tafiya, musamman a baya, da karaya ba tare da wata babbar faɗuwa ba, da ƙarancin jini, da kasala, da yawan kamuwa da zazzaɓi. Ba kowane ciwon baya ba ne wannan, manomi ya san ciwon bayan noma. Amma in dattijo ya karye haka kawai, ko ciwon ya yi watanni yana ƙaruwa, ɗori kaɗai ba zai isa ba. Sai an auna jini a asibiti za a gane.

To, ramar fa, wadda aka fara da ita? Maganin nan bai zama nata ba. Goldberg ya koma kanta. Cikin 2001 shi da yaransa suka gano ɗaya daga cikin masu manna alama a furotin na tsoka, wanda ke tashi aiki sa'ad da mutum ke ramewa. A shekarunsa na ƙarshe kuma ya juya tambayar. Maimakon a rage wa injin gudu, yaya za a ƙara masa? Don akwai cututtukan tsufa, irin mai sa mantuwa da a ke kira Alzheimer, waɗanda a cikinsu lalataccen furotin ke taruwa a ƙwaƙwalwa ba a kwashe ba. Yana kan wannan aiki ya rasu, ran 18 ga Afrilu, 2023, yana da shekara 80.