Kuɗin kujera daban, guzuri daban

 Maganarmu ta yau a kan tafiyar Umra ce cikin ayari, irin wadda kamfani ko ajans yake shiryawa ya haɗa ku da jagora. Azumi na matsowa, takardun talla sun fara yawo a kasuwa. Za ka ga an rubuta farashi da manyan baƙaƙe, a ƙasa an ce "komai da komai". To, a kan wannan "komai da komai" ɗin nake so mu tsaya.

Na taɓa tafiya ayari ɗaya da wani dattijo makiyayi. Bijimai biyu ya sayar ya biya kujera, ya ƙulle ɗan abin da ya saura a lalita. An ce masa da abinci a ciki. Da muka isa sai ta bayyana ashe abincin na Madina ne kawai, a Makka kowa tasa ta fisshe shi. Kwana na shida guzurin bawan Allahn nan ya ƙare. Muka yi masa karo-karo, ya karɓa yana sunkuyar da kai, mutumin da a gida shi ke ciyar da mutane. Daga baya ya buga waya aka kai karsana kasuwa cikin gaggawa, dillalai kuwa sun san idon mai gaggawa. Kamfanin bai yi masa ƙarya a takarda ba, shi dai ba a karanta masa takardar ba.

Abin da aka saba sawa cikin kuɗin kujera shi ne tikitin jirgi, biza, masauki a Makka da Madina, da motar da za ta kai ku tsakanin Jidda da biranen biyu. Sauran kuwa sai ka tambaya. Ka je da yaronka ko wani amintacce mai karatu, a karanta maka layi-layi. Abinci sau nawa a rana, kuma a wane gari? Mutum nawa a ɗaki? Kilo nawa na kaya? Ziyara ina da ina? Abin da aka faɗa maka da baki a rubuta shi, ka karɓi rasit na kowane kuɗi da ka bayar. Ba rashin yarda ba ne. Ko saniya ka saya ai da shaidu.

Kashe kuɗi yana farawa tun kana gida. Fasfo naka ne, kuma sai ya zama da sauran aƙalla wata shida kafin ya mutu. Allurar sanƙarau da katin rigakafin shawara, su ma galibi daga aljihunka. Sannan hanyar zuwa filin jirgi. Mutumin Damagaram da zai tashi daga Yamai yana da kusan kilomita 900 a gabansa, na Maraɗi sama da 600. Shi ya sa wasu ke tsallakawa su tashi ta Kano, wasu kuma daga wancan gefen su zo ta nan idan lissafi ya fi sauƙi. Ba laifi, amma mu da muka ga rufe iyaka a 2019, muka sake gani a 2023, bai kamata a koya mana cewa hanya tana iya toshewa dare ɗaya ba. Kuma jirgi yakan ɗaga tashi. Kwana biyu a birnin da ba ka da ɗan'uwa, ci da makwanci duk naka ne.

Sai canji, inda 'yan kasuwa suka fi mu sani amma su ma yana cinsu. Riyal a ɗaure yake da dalar Amurka: dala 100 riyal 375 ce, haka take shekara da shekaru. Sefa kuma da yuro take ɗaure, yuro ɗaya sefa 656 ba kaɗan. Naira ce ba ta da turke, kun dai ga yadda ta yi tun 2023. Duk hannun da kuɗinka ya bi sai ya bar wani abu a can. Ka sayar da sa da naira a Maigatari ranar Alhamis, ka mai da ita sefa don biyan ajans, ka mai da saura dala, ka je Makka ka mai da ita riyal: sau uku ke nan aka yanke ka. In da hali, abin da ka ware na guzuri ka canza shi sau ɗaya tak, kuma tun da wuri. Kada ka riƙe shi da naira wata uku kana cewa ai yana nan.

To, an sauka ƙasa mai tsarki. A ce kana cin riyal 40 a rana, misali na ba da, ba farashi na yanka ba. Kwana 14 ya zama riyal 560, wato kusan dala 150, a ciki kaɗai. Cikin azumi ana samun sauƙi, don ana shimfiɗa buɗa-baki kyauta a Harami da masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amma dabino da burodi da nono ba za su riƙe mutumin da ya saba da tuwo da fura ba, kuma sahur naka ne.

Abin da ya fi cin kuɗi a ɓoye shi ne nisan masauki. Kujera mai araha masaukinta na nesa. Za a ce maka akwai bas kyauta, kuma akwai ɗin. Sai dai a goman ƙarshe, bayan an idar da sallar dare, dubban mutane ne ke jiran bas ɗin nan, ana kuma tare wasu hanyoyi. Dattijo mai ciwon gwiwa ba zai iya turmutsutsun ba, sai tasi, masu tasi kuwa a daren sun san darajar motarsu. Ni a ganina, wanda zai tafi da tsohuwa ko tsoho gara ya ƙara kuɗi ya kama kusa, ko ya tafi farkon wata ko ma bayan azumi. Haka sa'ayi: tsakanin Safa da Marwa sau bakwai ya kai kilomita uku, bayan ɗawafi. Wanda ba zai iya ba sai keke da mai turawa, kuma biya ake yi.

Ƙanana ma suna taruwa. Aski bayan Umra, wanki, layin waya da kati. Shiga Rauda yanzu sai an nemi izini ta manhajar Nusuk a babbar waya. Izinin kyauta ne, amma mai ƙaramar waya sai ya nemi mai yi masa, sai ka ji ana cewa a kawo na goro. Ka tambayi jagora tun a gida ko shi zai yi wa ayari. Ziyarar Uhudu da Ƙuba, da ta Arfa da Mina, yawanci tana ciki. Badar da Ɗa'ifa sau da yawa sai an yi karo-karo.

Makiyaya, ku saurara nan. Idan mutum ya wuce miƙati bai ɗaura harami ba har yanka ya hau kansa, a Makka ake yin yankan. Raguna ɗari da ke garkenka ba za su fanshe ka ba, sai ka fitar da riyal ka saya a can. Hukuncin dalla-dalla na malamai ne, ku zauna da su kafin tafiya. Nawa shi ne ka ware wani abu ko da ba za a taɓa shi ba.

Tsaraba kuwa, kowa ya san halinmu. Ba a dawowa hannu rabbana: dabino, carbi, darduma, jallabiya, turare. Ka rubuta sunayen waɗanda za ka yi wa, ka yanke adadi, ka tsaya a kai. Jiragen da yawa jaka biyu suke bari, kowace kilo 23, abin da ya haura kuɗi ne mai zafi. Na ga hajiyoyi suna zazzage kaya a filin jirgin Jidda suna rabarwa. Zamzam galan ɗaya ne mai lita 5, a rufe, ka tambaya ko kamfani zai ba ka ko kai za ka saya. Ɗan kasuwa da ke son haɗa ibada da sari, ya raba jakar jari da ta guzuri, kuma ya tuna kwastan na jiransa a gida. Yawancin dardumar da carbin ma daga Sin da Turkiyya ake kawo su, akwai su a Kantin Kwari.

Akwai lissafin da ba ya cikin kowace takardar kamfani, shi ne na gidan da ka bari. Azumi a shekarun nan cikin rani yake faɗowa, lokacin da dabba ke neman dusa da harawa da ƙaiƙayi, ana sayen ruwa a wasu wuraren. Wa zai yi kiwo, nawa za ka ba shi? Idan saniya ta kwanta, da me za a sayi magani? Mai shago, wa zai zauna, bashin da ake binka ya kai lokacin biya? Ga cefanen iyali na wata guda, ga kayan sallar yara, tunda mai goman ƙarshe sau da yawa a can yake salla. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dabbar da za ta biya duk wannan da kaka ake sayar da ita, tana da ƙiba, kai ke faɗin kuɗi. Ka bari sai rani ya tsotse ta, biyu za ka sayar a madadin ɗaya.

Yadda nake yi ni, kashi uku nake raba abin da ya rage bayan kujera. Ɗaya na gida, in danƙa wa wanda na amince da shi. Ɗaya na kashewa a can, in raba shi bisa kwanaki, kowace safiya in ɗauki na ranar. Na ukun in sa a ɗamarar harami in manta da shi, sai ciwo ko yanka ko jinkirin jirgi. Idan na tara na ga ukun nan ba su cika ba, in ɗaga tafiyar zuwa baɗi, Ka'aba tana nan.

Sannan kuɗin motar komawa gida daga Yamai ko Kano, ka cire shi da sefa ko naira tun kafin ka tashi, ka ajiye shi daban a ƙasan jaka. Riyal ba ta biyan mota a tashar Wadata.