Zuma da Kindirmo: Abin da Ke Faruwa a Cikin Hanji

Ranka ya daɗe mai girma Hakimi, malamanmu, iyayenmu mata, ɗalibai da manoman Gazara da waɗanda suka zo daga Ikara da Kudan, ina gaishe ku.

Kowa a nan ya san nono ba ya yin tsami da kansa. Mai nono tana zuba ɗan tsohon kindirmo a cikin sabuwar madara, ta rufe ƙwarya, kafin gari ya waye ta kama. Masu wannan aiki wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani, dangin Lactobacillus, waɗanda ke cinye sukarin madara su mayar da shi tsami. Irinsu, da wasu da ake kira Bifidobacterium, suna zaune a hanjin ɗan Adam, suna taimakon narkewar abinci, suna hana miyagun ƙwayoyi samun wurin zama. A 2001 ne ƙwararrun Hukumar Lafiya ta Duniya da ta Abinci suka tsayar da ma'anarsu: ƙwayoyi masu rai da ke amfanar jiki idan aka ci su daidai gwargwado.

To, ina zuma ta shigo? Abin mamaki shi ne, zuma tsantsarta kashe ƙwayoyi take yi. Ruwan da ke cikinta bai kai kashi 20 cikin 100 ba, sauran kusan duk sukari ne, saboda haka yawancin ƙwayoyin da suka faɗa ciki sai su bushe. Tana da tsami, kuma ƙudan zuma yana zuba mata wani sinadari wanda, idan ruwa ya taɓa ta, yake haifar da irin ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi a asibiti. Shi ya sa kakanninmu suke shafa ta a ƙuna da gyambo.

Amma idan aka zuba ta kaɗan a cikin nono, labari ya sauya. Ƙarfinta na kisa ya ragu, ta zama abinci. Ban da sukarin da jiki ke tsotsewa nan take, akwai wani ɗan kaso mai sarƙaƙiya da cikinmu ba ya iya narkarwa duka. Wannan kason yana gangarawa har babban hanji, inda Bifidobacterium ke cinye shi su yawaita. A 2024 masu bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka sun bayyana cewa sun gwada yogot da zuma a kan mutane 66 masu lafiya, suka ga zumar ta taimaki ƙwayoyin suka tsallake cikin mutum da ransu. Sun kuma faɗi cewa ba su ga sauyi a sauran ma'aunan lafiyar mutanen ba. Don haka kada wani ya tashi daga nan ya ce na ce zuma da nono suna warkar da kowace cuta. Kimanin cokali ɗaya suka zuba, ba ludayi ba, kuma mai ciwon sukari ya nemi shawarar likita tukuna.

Shi kansa ƙudan zuma yana ɗauke da irin waɗannan ƙwayoyi. A 2008 Tobias Olofsson da Alejandra Vásquez na Jami'ar Lund a Suwidin sun gano su a jakar da yake tara ruwan fure a cikinsa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Ƙasarmu ta rake ce, daga Makarfi har Hunkuyi, kuma ina alfahari da mazarƙwailarmu. Amma wanda ya dafa sukari ko ruwan rake ya gauraya da zuma, ya ɗura a kwalba ya tsaya bakin titin Zariya zuwa Kano, ya cuci mai saye, domin ya tsinka ainihin abin da ake nema a cikinta. Masana suna iya kama wannan algus, saboda sukarin rake da na masara yana da wata alama da ta bambanta shi da na furen ɗorawa ko mangwaro. Haka mai cin zuma da ke cinna wa amya wuta: ya ƙone ƙudan, ya cika zumar da toka, sannan ya ɗora saƙar a kan murhu don ta narke, zafi ya lalata sinadaran da ke cikinta. Hayaƙi kaɗan ya isa, a tace zumar da tsumma mai tsabta ba tare da tafasawa ba. Masu noman tumatir da barkono kuwa, ku riƙa feshi da yamma liƙis, lokacin da ƙudan ya koma amya.

Ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Makarfi, Jami'ar Ahmadu Bello tana nan kusa da ku. Ku ɗebi zumar Gazara da kindirmon rugagenmu ku kai ɗakin gwaji, a auna wace zuma ce ƙwayoyin nononmu suka fi so, ta wane fure, ta wane wata.

Iyayena mata, wannan maganar taku ce, kuma ina roƙon ku da babbar murya. Kada a lasa wa jariri zuma sai ya cika shekara 1. Akan sami ƙwayar Clostridium botulinum a ɓoye a cikinta. Hanjin babba cike yake da ƙwayoyi masu amfani da ke danne ta, amma na jariri bai cika ba tukuna, sai ta tsiro ta fitar da dafin da ke sa jikinsa ya saki, ya kasa tsotso, wani lokaci har numfashi ya gagare shi. Nonon uwa shi ke ciyar da ƙwayoyin hanjinsa, kuma ya wadatar da shi shi kaɗai har wata 6.